Yadda Za Ka Faɗaɗa Wa Motarka Ƙafa Kafin Ka Je Ɗauko Mai Jego

Na yi maka alkawari, ya kai mai sabuwar tsohuwar mota, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko guda ba, babu mahaluƙin da zai sake wuce motarka bai waiwaya ba, daga Bungudu har Tsafe. Ban ce za ka isa inda za ka ba. Wannan wani fanni ne daban, kuma ba shi na karanta ba.

Sunana Dogo mai taya. Rumfata tana bakin tasha a nan Gusau, kuma tun kafin a ba mu jiha nake sayar da tayoyin Beljiyam, waɗanda Turawa suka gaji da su suka turo mana don zumunci. Don kada ka ce daɗin bakin ɗan kasuwa ne, zan riƙa kawo maka misali da ɗalibina mafi hazaƙa, Lukuman, ma'aikaci a sabuwar sakatariya, mazaunin Tudun Wada.

Ga halin da yake ciki a daminar bara. Matarsa Suwaiba ta tafi haihuwar fari gidan iyayenta, a wani ƙauye bayan Tsafe, ta sauka lafiya ta samu namiji. An yi suna, an yi arba'in, amma ubanta Malam Jatau bai ce a zo a ɗauke ta ba. Dattijon manomi ne mai shanun huɗa, ba ya son magana biyu, kuma tun farko kallon ɗan son a sani yake yi wa surukinsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗiyata da jikana ba su hawa bayan mashin. In ka samu abin da za ya kai su Gusau lahiya, ka taho ka ɗauka." Ita kuma Suwaiba ta aiko cewa ta gaji da ruwan zafi da kunun kanwa, ɗakinta take so. Lukuman ya yi ta fafutuka har Allah ya haɗa shi da wata fijo a gwanjo. Abin da ya rage masa shi ne ya zuba mai, ya je ya ɗauko iyalinsa. Sai Allah ya sa ya biyo ta gaban rumfata.

Mataki na ɗaya: Ka raina abin da kake da shi

Tsaya a bayan motarka ka dubi ƙafafunta. Ka ga yadda suke sirara, kamar na zakaran da ya sha ciwo? To, ka ji kunya. Kada ka tuna cewa da waɗannan ƙafafun ire-irenta suke zuwa Legas su dawo da lodi har saman rufi. Waɗanda suka ƙera motar sun zauna sun auna nauyinta, sun auna ƙarfin hannun direba, suka zaɓa mata taya daidai da ita. Amma sun taɓa zuwa gaida suruki? Ba su taɓa ba. Saboda haka ra'ayinsu bai shafe ka ba.

Lukuman bai ba ni wahala a wannan mataki ba. Na dubi tayoyinsa kawai na yi ɗan tsaki, na tambaye shi ko da su zai je gidan Malam Jatau. Ya ce ai dattijon lafiya ya ce a kai su. Na ce haka ne, amma ka taɓa ganin lafiya da ƙafar sauro? Ya ja benci ya zauna.

Mataki na biyu: Zaɓi da ido, ka bar awo ga tela

Akwai wasu lambobi a gefen kowace taya. Kada ka karanta su, ado ne. Abin da za ka nema shi ne tayar da ta fi kowace faɗi a rumfa, mai gajeren gefe, irin wadda aka ciro daga motar da ta ninka taka ƙarfi. Sai ka haɗa ta da rim na alminiyon mai walƙiya, wanda zai turo ta waje har ta leƙo daga ƙarƙashin madigadi. Idan taya ba ta leƙo ba, wa zai san ka saya?

In ramukan noti ba su zo daidai ba, kada ka damu, akwai mai walda a bayanmu. Ƙarfe bawan wuta ne.

Masu tsoro za su ce maka rim da ya turo waje yana ƙara wa boris da sauran gaɓoɓin ƙafar mota wahala, kuma duk ramin da ka faɗa sai sitiyari ya mare ka a hannu. Gaskiya ne. Sai dai boris ba ya magana a gaban mutane, wahalarsa a ɓoye yake sha, kamar kowane mai mutunci.

Mataki na uku: Ka bar tsofaffin a wurina

Wannan mataki gajere ne amma shi ne ginshiƙi. Kada ka tafi gida da tsofaffin tayoyinka da rim ɗinsu, don in suna kusa shaiɗan zai riƙa raya maka ka mayar da su. Ka bar su, zan san yadda na yi da su. Na Lukuman ko la'asar ba su kai ba wani direban hanyar Magami ya kwashe su yana ta godiya.

Safaya kaɗai za ka riƙe. Gurbinta a ƙarƙashin but ba ya ɗaukar mai faɗi, don haka siririyar za ta ci gaba da zama a can. Ka manta da ita, ita ba za ta manta da kai ba.

Mataki na huɗu: Ka ɗauki sitiyari a matsayin abokin kokawa

Da ka tayar da mota za ka ji sitiyari ya yi nauyi. Dalili a fili yake. Roba mai yawa ce yanzu take kwance a ƙasa, kuma motarka ba ta da na'urar nan da ke sauƙaƙa juyi, damtsenka ne na'urar. In kana gudu ba za ka ji sosai ba. Amma ranar da za ka yi ribas a ƙofar masallacin Juma'a, mutane na jira ka ba su hanya, a ranar za ka san ka ci tuwo ko ba ka ci ba.

Kada ka bari fuskarka ta nuna. Ka saki murmushi, ka ɗora gwiwar hannu ɗaya a taga, ɗaya hannun ya mutu shi kaɗai. Lukuman ya ƙware a wannan har abokan aikinsa suka fara tambayarsa ko ya koma noma, saboda kantar da ta fito masa a tafi.

Za ka kuma lura in ka murɗa sitiyari har ƙarshe, taya tana gurzar jikin mota tana wani gurnani. Maganin abin shi ne ka daina murɗawa har ƙarshe. Kwanar da da kake sha a tashi ɗaya, yanzu sai ka yi gaba, ka yi baya, ka sake gaba. Wannan riba ce, domin 'yan unguwa za su samu isasshen lokacin kallon rim. Lungun gidan Lukuman dai motar ba ta sake shigarsa ba, a bakin titi take kwana, yana leƙo ta ta katanga.

Mataki na biyar: Yi gwaji a inda ka san za ka ci

Ɗauki hanyar Bungudu da hantsi, rana ta buɗe, kwalta ta bushe. Nemi wurin da babu rami. Akwai shi, sai dai ka yi haƙuri wajen nema. A nan, tsakani da Allah, za ka ji daɗi. Mota za ta kama ƙasa, ta shiga kwana ba ta yi tangaɗi ba, burki ya kama tun kafin ka gama takawa. Ni ma ban taɓa musun wannan ba. Taya mai faɗi a busasshiyar kwalta mai santsi abar so ce, kuma in ka yi sa'ar zama a ƙasar da duk hanyoyinta haka suke, ka aiko mini da adireshi.

Daga nan sai ka rufe littafin gwaji. Abin da zai biyo baya ba ya cikin lissafi. Inda manyan motoci suka kwantar da kwalta suka yi mata kwari, za ka ji motarka tana bin kwarin da kanta, ka ja ta dama ta ce hagu take so. Kada ka kira wannan matsala. Ka ce mota ta san hanya. In ka faɗa rami kuma, tun da gefen tayar gajere ne babu abin da zai shanye bugun, za ka ji shi tun daga ƙugu har haƙori. Ka ce kana jin hanya a jikinka, kamar manyan direbobi.

Mai kuma za ta ƙara sha, a wannan zamani da mutum ke kwana a layi ko ya je wurin 'yan bumburutu a sayar masa da rabin galan rabin kananzir. Wannan ma alheri ne. Duk tsawon layin, motarka ce abar kallo.

Lukuman ya dawo daga Bungudu yana haki, ya ce mini motar tana ɗan yi masa gardama. Na ce doki mai daraja ne ke gardama, jaki ne ke bin kowa. Ya ji daɗin maganar ƙwarai, har ya maimaita ta a ofis.

Mataki na shida: Zaɓi ranar da hadari ya haɗo

Siririyar taya tana yanka ruwa ta taɓa ƙasa. Mai faɗi kuwa, musamman irin tawa da zanenta ya riga ya sha duniya, hawa kan ruwan take yi ta zauna. Za ka ji sitiyarin nan mai taurin kai ya yi laushi farat ɗaya, ya zama kamar faifai a hannunka. Kada ka firgita. Hutu ne Allah ya ba damtsenka, sai dai a lokacin ba kai kake tuƙi ba.

Ranar da Lukuman ya shirya, tun safe gabas ta yi baƙi. Ya sa shadda fara, ya sa hula zanna, ya wanke rim da omo. Wajen Kwatarkwashi ruwa ya sauko, motar ta hau kan ruwan ta yi masa rawa sau ɗaya, ta dawo hanya don kanta. Mai ƙaramin imani da ya juya. Shi kuwa ya ce alama ce ta cewa motar tana da albarka, ya wuce Tsafe, ya sauka daga kwalta ya kama hanyar ƙauye, wadda amalanke ta yi wa layi biyu masu zurfi. Tayoyin da suka leƙo waje suka yi aikinsu, suka kwaso jar laka suka yi wa motar lalle har gilashi. Da ya sauke taga don ya ga gabansa, shaddar ma ta samu rabonta.

Mataki na bakwai: Kada ka taɓa ce wa suruki kaya sun yi yawa

Nan ne zuciyar karatun, ka buɗe kunne.

Ka san ba a mayar da mai jego hannu sake. Gara za a haɗo mata, kuma girman garar shi ne girman gidan. Ka kuma san suruki ba ya tsayawa yana ciniki a kan kyautar surukai. Kai da ko ido ba ka haɗawa da uwar matarka, kai da ko ɗan farinka ba ka isa ka ɗauka a gabansu ba saboda kunya, da wane baki za ka ce a rage buhu?

Yaran ƙauye sun kewaye motar Lukuman suna shafa rim, abin ya yi masa daɗi har ya manta da lakar da ke jikinsa. Malam Jatau ya fito, aka gaisa, Lukuman na durƙushe. Dattijon ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a kan taya ɗaya ya daɗe yana kallo. Lukuman ya fassara kallon da cewa mamaki ne.

Sai aka fara fito da kaya. Buhunan gero da na shinkafa, garwar man gyaɗa, ƙwaryar man shanu, nakiya da alkaki a manyan fanteka, daddawa, kuka, kaji a ɗaure, har da sabon turmi. But ya cika aka koma rufi. Da kowane buhu bayan motar sai ya ƙara yin ƙasa, madigadi yana matsowa kusa da taya kamar mai son gaya mata sirri. Da tsofaffin tayoyin ne, da sun shige cikin gurbinsu sun ɗauki kayan ba ko tari, don fijo ta saba da fiye da haka. Waɗannan kuwa a waje suke, daidai ƙarƙashin bakin ƙarfe. Lukuman yana gani, ya san abin da ke tafe. Abin da ya iya cewa shi ne an gode, Allah ya ƙara arziki.

Bayan kaya sai 'yan rakiya. Shugabarsu Gwaggo Lantana ce, yayar Malam Jatau, mace mai jiki wadda Allah bai yi wa ƙwauron komai ba. Ta shiga baya da wasu mata biyu, aka sa Suwaiba a tsakiya da jariri a cinya, tana ta sunkuyar da kai tana ɓoye murna. Da Gwaggo ta zauna, motar ta yi wata ajiyar zuciya. Idan ka kai wannan matsayi, kada ka ce kowa ya sauka. Mutuncinka ya fi taya.

Mataki na takwas: Duk ƙarar da ka ji, ka ce ta saba

Suna barin ƙofar gida ƙarfe ya fara cin roba. Kowane tudu, sai a ji ƙiiit. Gwaggo Lantana ta ce, "Yaro, motarka kuka takai." Lukuman ya ce haka sababbin tayoyi suke yi kafin su saba. Jim kaɗan ta sake tambaya wanga wari na mi ne, awa ana ƙona roba. Ya ce daga gonaki ne.

Ba su fita daga gonakin garin ba tayar baya ta dama ta fashe, bakin madigadi ya yanka ta kamar an sa wuƙa. Aka sauko da mata a cikin yayyafi, aka sauke rabin gara don jak ya iya ɗagawa, ya kwanta cikin laka ya zaro siririyar safaya. Yanzu motar tana da ƙafa uku na ƙato da ɗaya ta ɗan tsako. Aka mayar da kaya duka, don ba a barin kyautar suruki a bakin hanya, aka mayar da Gwaggo.

Shawarata a nan ita ce ka taka mai, don ka rama lokacin da ka ɓata. Lukuman ya taka. Siririyar ta nutsa ta kama ƙasa mai tauri, mai faɗin da ke ɗaya gefen ta hau saman laka tana juyawa a banza, na gaba kuma suka kama layin amalanke suka ƙi fita. Ya murɗa sitiyari da duk kantar hannunsa. Motar ta yi tunani, ta juya gindi a hankali, cikin natsuwa, ta gangara ta kwanta da gefe ɗaya a cikin kwari, hancinta a cikin gero. Geron kuwa na Malam Jatau ne.

Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Man gyaɗa ne ya bi shaddar, kaji suka samu 'yanci, alkaki ya watsu a kunyoyin gona. Jaririn ya tsala kuka. Suwaiba ta fito ta taga da taimakon matan, ta rungume ɗanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi mijinta ta ce a hankali, "Da ka taho da ita yadda take, da yanzu mun wuce Kwatarkwashi."

Mataki na tara: Karɓi hukunci kana durƙushe

Labari ya riga kowa isa gida. Malam Jatau ya zo da shanunsa biyu da igiya, da amalanke a baya. Bai dubi geron da aka kwantar masa ba. Ya fara karɓar jikansa ya duba shi tun daga kai har ƙafa, ya miƙa wa uwar, ya sa aka hau da mata amalanke. Sannan ya ɗaura wa motar igiya, shanu suka fisgo ta kamar ba komai ba. Har garar ya sa aka tattara abin da ya tsira aka mayar wa Lukuman a but, don kyauta ba ta komawa.

Lukuman ya durƙusa a cikin laka yana neman kalmar da zai fara da ita. Dattijon ya riga shi. Ya ce, "Lukumanu, wagga mota taka tana da kyau ƙwarai. Amma ta hi ƙarhin jariri. A bari shi yi ƙwari. In an yaye shi, mu gani."

Ka san yaye ba yau ba ne, ba gobe ba. Ka kuma san ba a ɗaukaka ƙara a kan maganar suruki. Amalanke ta juya ta kama hanyar gari a kan siraran ƙafafunta, Suwaiba tana waiwaye har gero ya rufe ta. Lukuman ya dawo Gusau shi kaɗai da buhunan gero da turmi, ba mai daka masa. Na ji tausayinsa, wallahi, don yaron kirki ne, kuma har ga Allah don ya faranta musu ya yi. Da ya zo neman sirara ya mayar, na gaya masa sun yi wuya a kasuwa amma zan duba masa.

Sanarwar wanke hannu

Ni Dogo, da rumfata, da mai waldar da ke bayanmu, ba mu da alhakin duk abin da ya samu sitiyarinka, ko damtsenka, ko shaddarka, ko gonar wani. Taya muka sayar maka, ba mu sayar maka da damina ba, ba mu ne muka haɗa gara ba, kuma ba mu san Gwaggo Lantana ba sai a labari. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba a mayar da kaya, ba a kawo ƙara, kuma ba ma zuwa biko.

In ka zo sayayya ranar Asabar da safe ka tarar da wani mutum a kan bencina, riƙe da ledar biskit da ɗan ƙaramin takalmi, yana jiran motar Tsafe ta cika, kada ka yi masa maganar taya, ba ya so. Ka tambaye shi lafiyar yaron. Zai ce maka lafiya lau, an gaya masa ma ya fara tafiya.